Ambulan Ɗin Da Cheah Bai Tafi Da Shi Ba

Ooi Kean Huat a gidan waya na birnin Penang ya tsufa, kuma abin da ya ɗauke masa hankali duk rayuwarsa shi ne wasiƙun da aka tsamo daga jiragen sama da suka faɗi tun zamanin da. A wurin masu wannan tari, ƙuna da tabon ruwa su ne kyan ambulan.

Yana da guda ɗaya da yake ji da shi, gefensa a babbake, ga hatimin gidan waya raɗau. Amininsa Cheah Boon Teik ya ara don baje koli, ya ci lambar yabo da shi, sannan ya murje ido ya ce ai kyauta aka ba shi. Daga ranar Ooi bai sake shan kofi a tebur ɗaya da shi ba. Ko sunansa aka ambata sai ya yi tsaki.

Da Cheah ya mutu, Ooi ya ji matar mamacin za ta ƙona wa mijinta tarin wasiƙunsa a bakin kabari, tare da kuɗin takarda da gidan kwali, don ya same su a can, kamar yadda al'adarsu take. Hankalin Ooi ya tashi. Wato ɓarawon nan har lahira zai riƙe masa kaya?

Ya je ta'aziyya da lemo, ya marairaice fuska. Ya ce mata kowane ambulan a cikin akwatin tarin nan akwai matattun jirgi a bayansa, waɗanda suka mutu ba shiri, ba wanda ya yi musu sutura.

"Yaya, in kika aika masa, duk ƙofarsa za su taru. Bawan Allah ba zai huta ba."

Matar ta tsorata, ta tura masa akwatin gaba ɗaya, har da godiya. Ooi ya zare nasa kawai, ya ce sauran ta sayar wa baƙi. Ko ɗigon kunya bai ji ba, daɗi ya ji.

Ranar sharar kaburbura ta shekara-shekara ya hau tudun maƙabarta da sandarsa, ya kunna wa Cheah turare, ya ɗaga ambulan ɗin saitin hotonsa da ke jikin kabarin.

"Kalle shi da kyau, tsohon ɓarawo. Na gaya wa 'yata ta ƙona min shi ranar da na mutu. Da shi zan zo, kuma ko taɓawa ba za ka yi ba."