Izinin da Helma Ya Bayar da Baki

Maigidana ya yi dakon buhun gyaɗa a siton wani kamfani tun ina amarya har 'yarmu ta fari ta haihu. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba bayansa ya ƙi. A kan jaki aka kawo shi gida Makarfi, a kife, kamar buhun da ya saba ɗauka. Kamfani ya aiko cewa ya huta, kuɗin sallamarsa na nan tafe.

Da wannan magana muka jinginar da gonarmu ta Nasarawan Doya ga wani mai kuɗi, don ga haraji, ga mai ɗori, ga bakunan da za a ciyar. Na ce wa mutumin kada ya saba da ita, aro ne, kafin kaka za mu fanshe. Ya yi dariya ya ce Allah ya sa.

Kaka ta zo ta wuce. Tunda Maigida ba ya iya zaman mota, ni na yafa mayafi na tafi ofishin kamfanin a Zariya. A lokacin ban san ko bihim ba, sai daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata. Akawun da na tarar yana ta gyara wuyan riga. Ya ajiye mini 'yan kuɗi a kan tebur, ko akuya mai ciki ba za su saya ba.

Na ce, "Wannan kuɗin mota ne ko sadaka?"

Ya ce, "Iya, sallamar ke nan. Mijinki sabon ma'aikaci ne, ko shekara bai cika ba."

"Sabo? Yaro, yana ɗaukar buhunku kana tsotson yatsa!"

Bai yi fushi ba, na ba shi wannan. Ya ce a wurin kamfani duk wanda ya bar aiki ya dawo, daga ranar dawowarsa ake fara lissafi. Mijina kuwa kowace damina yana barin aiki.

To ga yadda abin yake. Leburorin sito duk manoma ne. Da an yi ruwan shuka, mutum zai je wa helma, wato shugaban leburori, da kaza ko ƙwaryar gero, ya durƙusa ya ce zai je gona. Helma ya ce, "Je ka, na sani." In an gama noman biyu ya dawo ya ci gaba da dako. Haka iyayensu suka yi. A wurinmu in babba ya ce ya sani, magana ta ƙare. Ni da hannuna nake kama kazar nan in ɗaure mata ƙafa.

Na bar kuɗin a kan tebur. Akawu ya ce in helma zai zo ya shaida izini ya bayar, watakila manya su duba.

Na sami helma a Kudan, ya tsufa, yana zaune a zaure yana tufkar igiya. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Na ba shi izini mana. Kowace shekara. Kajinki ma sun fi na kowa ƙiba."

"To Baba, tashi mu je ka faɗa musu."

Sai ya ajiye igiyar. Ya ce Baturen kamfani bai taɓa yarda da hutun noma ba. Da ya je ya ce mutanensa sun tafi gona, da korar su za a yi gaba ɗaya, har da shi. Shi ya sa in sun tafi sai ya ce sun bar aiki, in sun dawo ya ce ga sababbi ya samo. Kowa ya yi nomansa, kowa ya riƙe aikinsa.

"Taimakonku na yi, 'yar nan."

"Taimakonka ya cinye mana gona."

"Ni ma da me aka sallame ni? Da agogo. Ga shi can a rataye, ya daina tafiya." Ya ce in ya je ya faɗi gaskiya yanzu, cewa za a yi ya yi shekaru yana yi wa kamfani ƙarya, kuma gidan yari bai dace da mai irin shekarunsa ba. Na zage shi, ban ɓoye ba. Da na gaji, ya sa aka kawo mini fura. Na sha, don ƙishi nake ji.

Na koma Zariya har masu gadi suka san takuna. Na je wurin wani ɗan siyasa a Ikara da ya ci ƙuri'armu, ya ce yanzu ƙasa tamu ce, babu mai cin guminmu. Ban sake ganinsa ba. Daga ƙarshe na karɓi kuɗin nan da na raina, kuma ko abin da na kashe a mota ba su mayar ba.

Ana gab da shuka mai jingina ya zo da shaidu. Ya ce ba ya son ya matsa mana, amma in ba za mu iya fansa ba, ya cika mana ɗan abu gonar ta zama tasa. Hatsi ya ƙare a rumbu. Maigida yana kwance a tabarma, ya juya fuska bango ya ce, "A ba shi." Na buɗe baki, ya ce, "Ke, ya isa." Ranar ce kaɗai na yi shiru da ya ce in yi.

Da kaka na shiga cikin matan da ake ɗauka roron gyaɗa a gonar. Na san kowace kunya a cikinta, na san inda ruwa ke kwanciya. Da yamma aka auna mini ladana a ƙwarya. Da na kai gida Maigida ya tambaye ni ko tsamiyar nan ta bakin iyaka tana nan. Na ce an sare ta. Ya ce in ɗan gyara masa matashi.