Katin da Ya Dawo daga 'Yankuzo

Ni ba na yabon kaina a kan girki, tuwona ma wani lokaci sai an ci da haƙuri. Amma in aka zo maganar katin gaisuwa, duk faɗin unguwarmu ta Damba a Gusau ban ga wadda za ta ja da ni ba. Ɗinki ne sana'ata ta asali, kuma katin ya fito ne daga ƙyallayen da ke taruwa ƙarƙashin keke, waɗanda zuciyata ba ta yarda in zubar ba. Wata rana na yanka kwalin sabulu, na ninka shi biyu, na manna ƙyallen atamfa mai fure a kai, 'yata ta kai wa malamarsu da ta haihu. Daga nan fa aka san ni. Amare, masu jego, masu taryar alhazai, 'yan makaranta da za su yi bankwana, kowa sai ya biyo ta ƙofata.

Kayan aikin ba wasu na a zo a gani ba ne: kwali, farar takarda mai kauri, almakashi, reza, zare da allura. Ina sayen gam na kanti, amma na fi yarda da ƙaro, in jiƙa shi a ruwan ɗumi har ya narke kamar yadda masu haɗa tawada ke yi. Na taɓa dama fulawa don in yi arha, kyankyasai suka yi walima a kan katunan Sallah, ban sake ba. Launi kuwa daga kicin nake samu, lalle ya ba ni ja mai duhu, soɓorodo ya ba ni ja mai haske, shunin wanki ya ba ni shuɗi.

Abin da ya bambanta nawa da na kowa shi ne kara. A Karakkai aka haife ni, can ƙasar Bungudu, inda muna yara muke fere karan dawa mu yi mota da tabarau. Hannuna bai manta ba. In na tsaga ɓawon kara, na kankare totuwar, na danne shi da dutsen guga mai ɗumi, sai ya kwanta lumui yana sheƙi. Da shi nake yin bukka da rumbu da darni a fuskar kati, wanda ya gani sai ya kai yatsa ya taɓa.

Maigidana dai bai taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba. In ya gan ni na duƙufa, sai ya ce, "Zumunta a ƙafa take. Takarda ba ta durƙusawa." Ni kuma in ce masa ya bar ni da takardata, tunda ba shi ke manna ta ba.

Akwai wata mai yi mini irin wannan dariyar, ita ce ƙawata. Bafulatana ce, doguwa mai wushirya, duk unguwa an san ta da uwar tagwaye. Rugarsu tana bayan Damba a lokacin, kullum da hantsi sai ta sauke ƙwaryar nononta a tsakar gidana. Da ciniki muka fara, muka wayi gari mun zama 'yan'uwa. Ranar sunan autata na sayi turmin atamfa shuɗiya mai zanen ganye, na raba biyu, ta ɗaura rabi na ɗaura rabi. In na zuba mata tuwo a kwano ta tafi da shi, ba ya dawowa haka nan, ko man shanu ko ƙwan zabi sai na tarar a ciki. Takan zauna ta zuba mini ido ina yanka kwali, ta riƙe haɓa ta ce, "Ƙawa, wagga wahala dut saboda takarda?"

Sai zamani ya lalace. Ba sai na gaya wa ɗan Zamfara abin da ya sami dazukanmu da hanyoyinmu ba. Manomi ya koka, makiyayi ya koka, dangina na Karakkai ma akwai gonakin da suka daina zuwa. Mutane suka fara kallon juna da wani ido.

Wata safiya ina can ƙuryar ɗaki keke na ƙara, ƙawata ta iso bakin ƙofa. Maƙwabciyata, wadda 'yan bindiga suka tare ƙanenta a hanya ba da jimawa ba, ta fito ta same ta. Abin da ya fara shiga kunnena shi ne muryarta a sama: "Ku na! Ku kawo muna nono da sahe, 'yan'uwanku su tare muna hanya da marece!" Kafin in ture keke, in laluɓo mayafi, in fito, ƙawata ta ɗauki ƙwaryarta ta sha kwana. Na juya kan maƙwabciyar nan na wanke ta tas. Na ce mata baƙin cikinki gaskiya ne, ni ma na yi kuka tare da ke, amma matar nan ba ta taɓa tare kowa da komai ba sai ludayi. Har mata suka fito suna ba ni haƙuri.

Amma duk wannan faɗan ƙawata ba ta ji shi ba. Abin da ta sani kawai shi ne an gaya mata magana a ƙofar gidana, kuma ba wanda ya fito daga ciki. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Ba ta sake zuwa ba. Da na aika rugar, aka ce sun tashi, sun koma wajen dangin mijinta a gefen 'Yankuzo, ƙasar Tsafe. Ba ta da waya, ban kuma san wanda ke da ita a cikinsu ba.

Na so in je da ƙafata. Maigida ya ce ba inda za ni a wannan hanya, kuma duk taurin kaina na san yana da gaskiya. Da azumi ya kama, ina cikin yi wa mutane katunan Sallah, sai na ajiye almakashi na ce wa kaina, ke da kike aika gaisuwar kowa, taki fa?

Matsalar ita ce ƙawata ba ta karatu, don haka rubutu ba shi da amfani. Dole katin ya yi magana da kansa. Na buɗe akwati na ciro zanen nan shuɗi na ranar suna, na sa almakashi a gefensa. Maigida ya zaro ido ya ce, "In ta ga kin yanka zanen, ba ta cewa zumuncin kinka yanke?" Na ce masa na san ƙawata, kuma na san aikina.

Ban taɓa zuba ƙwarewa a kati kamar wannan ba. Na yi ƙofar gidana da ɓawon kara, har da ɗan dakalin da take sauke kaya a kai. Ƙyauren na ɗinke shi da zare ta gefe ɗaya, na ja wani zaren na ɗaure a ɗaya fuskar katin, yadda duk wanda ya buɗe, ƙofar za ta wangale da kanta. A bayan ƙofar na rataya ƙyallen zanenmu a matsayin labule. Sannan na sami sakaina, na feƙe ta da reza har ta yi siriri, na fitar da 'yar ƙwarya, na manna a kan dakalin, na cusa farar auduga a ciki ta zama nono. Da na gama na buɗe na rufe, na buɗe na rufe, ƙofar ba ta ƙi ba ko sau ɗaya.

Ƙanen maigida direba ne, yana jigila tsakanin Gusau da Tsafe. Na sa katin a leda na ba shi, na ce ranar kasuwa ya nemi mata masu nono a tasha, ya tambayi wadda ta san uwar tagwaye mai wushirya da ta taso daga Damba. Ya dawo ya ce ya sami wata da ta ce rugarsu ɗaya, ya ba ta.

Sallah ta zo ta wuce, shiru. Rannan da la'asar sai ga direban ya leƙo a gurguje, ya miƙo mini ledata, ita dai wadda na ba shi, ya ce fasinja na jiransa. Na taɓa, na ji katin a ciki. A sana'ata kati in ya dawo, an ƙi shi ke nan. Na sha ganin saurayi ya dawo da wanda na yi masa, fuska a murtuke. Ban ko buɗe ledar ba, na wurga ta kan keke. Haushi ya kama ni, daga baya ya koma kuka, don na ji ciwo ƙwarai. Maigida ya shigo ya gan ni, ya ga ledar, Allah ya saka masa da alheri ya juya ya ba ni wuri.

Kiyashi ne suka tona zancen. Washegari na zo zan yi ɗinki, na ga sun yi layi daga ƙafar keke har cikin ledar. Na ce ƙaro ba ya kiran kiyashi haka. Na zazzage, sai ƙamshi ya buge ni. Katin ya jiƙe sharkaf da maiƙo, lallen ya zuba, farar takardar ta koma ruwan ƙasa. Na buɗe, ƙofar ta wangale, a gabanta ga curin man shanu an naɗe a ganye. Da na ɗaga shi sai na ga wani abu kuma. Ta saƙa ɗan faifai da kaba, bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, har da zanen ja da baƙi, ta ɗinke shi a kan 'yar ƙwaryata. Wato na bar nono a buɗe, ta rufe mini.

Na kira direban a waya, na ce ba a ba ka saƙon baki ba? Ya ce, "Af, Yaya, na mance! Matar tac ce ƙawarki ta ce ta ga kwano, ga shi ta maido, ki yi haƙuri abin babu yawa."

Kwano! Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya har da hawaye. Ni na aika kati don a ajiye a ɗaki a riƙa kallo. Ita kuwa ta ga abu ya fito daga gidan ƙawa, ana buɗe shi ana rufewa, to mene ne in ba kwano ba? Riƙe shi rashin kunya ne, mayar da shi ba komai a ciki kuma ya fi muni. Aikina mafi kyau ta ɓata da mai, kuma ban taɓa jin daɗin ɓarna irin ta ranar ba.

To ni ma ai ba a gidan rashin tarbiyya na tashi ba. Na goge katin, na ƙara masa sabon kwali a baya, na ƙulla yaji da daddawa na sa a ciki, na mayar. Haka ya riƙa kai da kawowa a gaban motar ƙanen maigida. Zaren ƙofar ya tsinke na sake ɗinkewa, gefen ya lauye na yi masa baki da ƙyalle. Direban har ya sa masa suna fasinjan da ba ya biya.

Sai dai ina lura da abin da ke dawowa. Curin man ya riƙa ƙanƙancewa. Daga baya ya daina zuwa, sai busasshiyar magarya, wani zuwan kuma 'yan aduwa. Ba wanda ya gaya mini komai, amma macen da ta girma a cikin shanu ba ta aiko da aduwa in akwai abin tatsa. Na ƙara yawan abin da nake sawa, har katin ya daina rufuwa sai na ɗaure shi da tsumma. Sannan aka yi wani dogon shiru, direban ya je kasuwa ya dawo, ya je ya dawo, hannu biyu.

Bayan kaka, wata safiya da hantsi, ina fere kara a tsakar gida na ji sallama. Muryar ta shaƙe, amma ko cikin kasuwa na ji ta zan gane. Wannan karon ban tsaya neman mayafi ba.

Tana tsaye a bakin dakalin. Ta rame, zanenmu shuɗi ya koɗe a jikinta, kanta kuma babu ƙwarya. Ban taɓa ganin kan nan ba kaya ba. Ta kwance bakin zane ta ciro katin, ta miƙo mini da hannu biyu, idonta a ƙasa.

"Ƙawa, shanun sun ƙare," ta ce. "Na duba ɗaki dut, ban samu abin sa miki ciki ba. Kwano kuwa ba a maishe shi hakanan. Shi yas sa nit taho da shi da kaina."

Na so in ce mata jabbama, kalmar maraba ɗaya da ta koya mini a yarensu, bakina ya ƙi. Na karɓi katin da hannun hagu, na damƙe wuyan hannunta da na dama, na ja ta muka shiga ciki.