Katin da Ban Yanka Ba

Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kabi aka ɗauke ni aiki, aka turo ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Yauri, ɗakin kati. Aikin ba shi da wuya. Mutum ya zo taga, in tambayi sunansa da garinsu da shekarunsa, in rubuta, in miƙa masa kati, in nuna masa bencin da zai zauna. Mu biyu ne a ɗakin, ni da wani abokin aiki da ya girme ni, mutum mai barkwanci wanda magana ba ta wuce shi.

Lokacin ban yi aure ba, saboda haka cikina a hannun masu abinci yake. Na zaga rumfuna da dama kafin na tsaya a ta wani ɗan daudu da ke bakin tasha. Dogo ne, baƙi, ya ba ni wajen shekara goma. Idan zai hau girki sai ya ɗaura zane a kan rigarsa, kuma ba ya rabuwa da kwalli. In yana magana hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Kullum da sassafe shi da kansa yake sauka bakin ruwa ya tari Sarkawa masunta, ya ɗaga kifi ya duba, ya ajiye, ya ɗauki wani. Tuwon shinkafarsa da miyar tarwaɗa babu irinsu a garin. Direbobi suna ci, malaman makaranta suna ci, 'yan sanda suna ci, har manyan gari sukan aiko da kwano a rufe. Kowa yana zolayarsa, shi kuma yana ramawa, a yi dariya a tashi.

Yana kirana Malamin kati, ni kuma ina ce masa Yaya. Da na tashi aure shi ya tsaya kan tukwanen bikina. Bayan amarya ta tare, ya aiko mata da saƙo cewa ta riƙa ɗan gasa daddawa kafin ta daka, in ba haka ba mijinta zai ci gaba da gudowa tasha. Ta yi dariya, ta gwada, har yau haka take yi.

Mun yi wajen shekara goma a haka. Sai zamani ya fara juyawa. Rediyo ya cika da maganar cutar ƙanjamau, gari kuma ya ƙara tsanani a kan irinsu Yaya. Abokansa da yawa suka tattara suka bar garin. Shi bai tafi ba. Ya daina ɗaura zane, ya sa hula, ya ci gaba da tuƙa tuwonsa. Ana nan sai tari ya kama shi, ya ƙi sakinsa. Ya fara ramewa har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Masu aiko da kwano suka daina. Ni ma, in faɗi gaskiya, sai na riƙa cewa ai yanzu ina da mai dafa mini a gida.

Wata ranar kasuwa, layi ya yi tsawo har bakin ƙofa, na ɗaga kai sai na gan shi tsaye a taga. Abokin aikina ne ya riga ni magana. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "To, yau ga baƙo. Wane benci za mu sa ka, na maza ko na mata?"

Wuri ya ɗauki dariya. Wata mata ta janye 'yarta daga kusa da shi. Daga baya can wani ya ce, "Kabari-kusa ne, ku ba shi hanya." Yaya bai dubi kowa ba, ni ya duba. Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin rajista kamar ina neman wani suna. Na ji ya ce, a hankali, "Ku yi haƙuri, ɓatan kai na yi." Ko da na ɗago, ya kai ƙofa.

Da na koma gida na ba matata labari, ina jin kamar idan na faɗa zan sami sauƙi. Tana kwashe tuwo, ta ajiye mara ta dube ni.

"Kai kuwa mi ka ce?"

"Ban ce komai ba."

Ta ajiye mini abinci ta shige ɗaki. Kwana biyu ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma yi mini hira ba. Ran Asabar da safe ta dama fura ta zuba a jarka, ta ɗaura a bayan babur ɗina, ta ce, "Ka tafi ka nemo shi."

Na tarar da rumfar a rufe, an kife tukwane. Wani direba da muka saba cin abinci tare ya ce mini Yaya ya koma wurin yayarsa, a wani ƙauyen masunta ta wajen Shanga. Na bi kwatance. Inda hanya ta ƙare na bar babur a gindin wata tsamiya, wani dattijo Bagunge, ɗan ƙabilar Gungawa, ya tsallakar da ni a kwale-kwale.

Yayar tasa gajeruwa ce, mai sana'ar bandar kifi, idonta ya yi ja saboda hayaƙi. Na gaishe ta, na ce, "Inna, wurin Yaya na zo." Ta ƙare mini kallo, ta ce, "Daga asibitin da anka kore shi?" Na ce e. Ta nuna mini bayan ɗaki da haɓa.

Yana kwance a tabarma ƙarƙashin mangwaro. Na zauna, na rasa ta inda zan fara. Shi ya taimake ni.

"Malamin kati, yau kuma har gida?"

Na ce, "Yaya, na yi maka laifi. Ka yafe mini."

Ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce, "Ban ji zafin wancan ba, bakinsa ne, haka Allah ya yi shi. Kai na duba."

Na zaro sabon kati daga aljihu, na cire murfin biro. A nan ne na gane cewa shekara goma ina cin tuwon mutumin nan, ban san sunansa na yanka ba. Kunya ta sake rufe ni. Da ya lura sai ya fashe da dariya har tarin ya dawo, Inna ta leƙo tana tambayar lafiya. Ya faɗa mini sunan, da na mahaifinsa, na rubuta. Amma ya ce in riƙe katina, shi ba zai sake taka asibitin nan ba. "Ciwon ina iya ɗauka," in ji shi. "Tsayuwar nan gaban mutane ce ban iyawa."

A asibitinmu akwai wata sista, dattijuwa, Kirista daga ƙasar Zuru, ita ke kula da masu tarin fuka. Ba ta da yawan fara'a, har ma'aikata tsoronta suke ji. Ran Litinin na same ta na faɗa mata komai, har da sunkuyar da kan da na yi. Ta ce, "Kai da abokinka kun ɗauka taga taku ce?" Ta ce, "Ran Asabar ka zo ka ɗauke ni."

Haka aka yi. Ta hau bayan babur ɗina da jakarta, ta shiga kwale-kwale tana riƙe da gefensa da hannu biyu, don ashe tsoron ruwa take ji. Ta zauna a tabarmar Yaya, ta kama hannunsa, ta sa abin awo a ƙirjinsa, ta tambaye shi abin da za ta tambayi kowa. Da Inna ta kawo ruwa a kofin da yake sha, sista ta karɓa ta sha. Na ga Inna ta bi kofin da kallo. Daga ƙarshe sista ta ce dole ya zo a yi gwajin majina da na jini, don ba za ta ba da magani da ka ba. Yaya ya ce ko a bari sai ranar da babu mutane. Ta ce, "A'a. Ba sata za ka zo yi ba. Da rana za ka zo, ta ƙofar gaba, ni zan tare ka."

Ranar da ya zo, Inna na riƙe da shi, sista tana tsaye a bakin ƙofa kamar yadda ta ce. Ta karɓi ƙullin kayansa ta riƙe, suka ratso tsakiyar masu jira. Abokin aikina ya miƙa wuya ta taga, ya buɗe baki. Na ce, "Katinsa na hannuna, na riga na yanka." Sista ta juyo ta dube shi sau ɗaya, ya koma ya zauna.

Sakamako ya fito, tarin fuka ne, kuma akwai ƙanjamau. Sista ta faɗa masa a ɗaki, daga shi sai yayarsa. Ni shi ya gaya mini da bakinsa, a kan hanyar raka su tasha. Ya ce in faɗa wa matata, ita kaɗai.

Watanni aka yi ana maganin tarin. Duk Asabar nake kai masa, in tsaya in ga ya haɗiye na ranar, sauran kwanakin kuma Inna ta tsaya a kansa. Tarin ya lafa, ya fara cin abinci. Maganin ɗaya cutar kuwa a lokacin sai a babban birni, tafiyar yini guda. Sista ta rubuta takarda, na ɗauki hutu na raka shi karon farko. A mota na lura ya haɗe hannayensa a cinya, ya danne su, kuma duk wanda ya yi masa magana sai ya amsa da kalma ɗaya, cikin muryar da ba tasa ba. Haka ya yini har muka fito daga asibitin. Da muka dawo muka sauka Yelwan Yauri ya sauke numfashi ya ce, "Wash, yau na yi aikin da ya fi tuƙa tuwon biki." Bayan wasu shekaru maganin ya matso kusa da mu, wahalar tafiya ta ragu.

Ba kowa ya sami abin da Yaya ya samu ba. Akwai abokansa biyu da ya aika wa saƙo su zo a duba su. Ɗaya ya ƙi sam, ya ce ya ji abin da aka yi a taga, daga baya muka ji rasuwarsa a wani gari. Ɗayan ya zo sau ɗaya, ranar ba na nan, sista kuma tana ɗakin marasa lafiya. Masu jira suka tashi suka bar masa benci shi kaɗai, suna magana ƙasa-ƙasa. Bai jira an kira shi ba, bai kuma dawo ba. Na neme shi ban same shi ba. Abokin aikina bai taɓa ba da haƙuri ba, amma ban sake jin ya yi wa wani irin wannan tambaya ba. Wata rana muna jera katuna ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ya jikin mutuminka?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Madalla."

Abin da na fi tunawa daga shekarun nan shi ne Asabar ɗin ƙauye. Bayan an gama maganin tari ban daina zuwa ba, har matata da yara suka fara bina. Da farko mutanen ƙauyen suna kewaye gidan Inna. Ita kuwa sai ta riƙa fito da akushi ƙofar gida, ta zauna ita da ƙaninta su ci tare, tana gaisawa da masu wucewa. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba. Sannu a hankali maƙwabta suka dawo aron turmi. Da aka tashi auren 'yar mai unguwa, mata suka yi ta shawara, ƙarshe dai suka turo a tambaya ko Yaya zai duba musu miya. Ya ce dubawa kawai zai yi. Kafin azahar ya karɓe muciya, yana ba kowa umarni, hannunsa ya koma yadda na san shi.

Jikinsa ya dawo har ya fi da. Direbobi sun aiko a roƙe shi ya koma tasha, ya ce ya gaji da hayaniya. Ya sayi agwagi, suka yi ta hayayyafa har suka dami Inna. Da rani, idan ruwan kogi ya ja baya, sai ya nemi fili a bakin gaɓa ya dasa albasa. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba ya zama mai koya wa wasu yadda ake yin fangali. Matata takan zauna da shi su yi ta hira suna yanka kuɓewa, ni kuma in bi masunta in ga abin da taru ya kamo. In la'asar ta yi, mu yi salla, dattijon nan ya tsallakar da mu.

Sista ta yi ritaya ta koma garinsu, mukan gaisa ta waya lokacin bukukuwa. Inna ta rasu, a hannun Yaya ta cika. Ni ma na ajiye aiki. Yaya ya tsufa, furfura ta rufe kansa, amma bai taɓa fashin maganinsa ba.

Ranin da ya wuce na je na same shi a gonar albasa, yana zaune a kan kifaffen bokiti, jikokin Inna suna cira yana nuna musu inda suka tsallake. Na nufo shi da sallama, ya ɗaga sanda ya ce, "Tsaya nan! Ka tsufa ba ka iya tafiya a gona ba, dubi abin da ka taka." Na ja da baya na bi ta kan kunya. Ya turo mini wani buhu na zauna. Muka yi ta kallon jiragen ruwan da ke dawowa daga kasuwa, yana faɗa mini na wane ne wannan, na wane ne wancan, da wanda injinsa ya kusa mutuwa. Da na tashi tafiya ya sa aka cika mini buhu da albasa, ya ce in gaya wa matata ta shanya su a inuwa, kada ta bari rana ta dafa su kamar bara.