Awartakin Baba Ummaru

Ya kwance wani tsumma, sai ga ɗan awartaki, ya yi baƙi don tsufa. Baba Ummaru ke nan, tsohon wanzamin Lambara, wanda ya taɓa cire wa mahaifina haƙori.

Ina koyar da tarihin aikin haƙori a makarantar likitoci, kuma na gaji da nuna wa ɗalibai kayan aikin Turawa kaɗai. Shi ya sa na je aron nasa.

Ya riƙe shi gam, ya ce, "Ɗiyata, dariya za su yi mani ko?"

Na ce, "A'a, Baba. Me kake so in faɗa musu?"

Ya ce, "Ki ce ban taɓa cire haƙori bayan la'asar ba. Mutum shi zamna nan gindin darbejiya, sai na ga jini ya tsaya, in sallame shi da sauran rana."

Ranar Litinin na ɗora awartakin a tebur, na maimaita maganarsa. Babu wanda ya yi dariya. Rubutawa suka yi.

A garinku, wa ke cire haƙori kafin zuwan asibiti? Ku tuna shi a nan, mu yi masa addu'a.