'Yan Dubiyar Babana

Har yau idan na ga mai dubiya riƙe da gora, sai raina ya ɓaci.

Babana manomin albasa ne a kwarin Badagishiri. Wata shekara ya fara tashi da kumburarrun idanu, da yamma kuma ƙafafunsa su cika har takalmi ya ƙi shiga. Fitsarinsa kumfa kamar an zuba sabulu. Ni ce babbar 'yarsa, ni na raka shi asibiti a Ƙonni.

Likita ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce a cikin ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai masu tace jini, na Baba sun yage, abin da ke gina jiki yana zurarewa cikin fitsari. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce a rage gishiri, ban da kanwa, ban da duk wani jiƙo. In an kiyaye, ƙodar za ta daɗe tana aiki.

Muka kiyaye, kumburi ya fara saɓewa. Sai dangi suka ji labari.

A wurinmu ba a zuwa gaida mara lafiya hannu sake, kowa da maganinsa. Wannan saiwa, wancan sassaƙe, wata ta jiƙo jar kanwa wai tana wanke ciki. Ba sa ajiyewa su tafi kuwa, zama suke sai sun ga ya kurɓa. Baba mutum ne mai kunya, ba zai iya mayar da hannun wanda ya tako tun daga Tajaye saboda shi ba. Mutanen da ba su san inda ƙoda take a jiki ba, duk suka zama likitoci a zaurenmu.

Ranar da yayan Baba ya zo da tasa gorar, na tare ƙofa.

"Baba Babba, ka yi haƙuri, likita ya hana."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ke ɗiyag ga, mi kika sani? Da wanga munka tashi, ba mu mutu ba."

Daga ciki Baba ya ce, "Bari shi shigo. Magajina na, yayana, in ce mai mi?" Ya karɓa ya shanye, har da godiya. Na koma bayan ɗaki ina kuka don haushi, haushinsu da nasa duka.

Kafin a cire albasa kumburin ya dawo har ciki, numfashi ya gagare shi a kwance. Likita ya ce ƙodar ta tsaya, sai wankin jini a Yamai. Jikinsa bai kai ga tafiyar ba.

Ranar sadakar uku Baba Babba ya kira ni gaban jama'a. Ya ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Babu maganin da ba mu ba shi ba."

Ina da amsa a bakina, mai zafi. Amma mutane sun zuba mini ido, kuma yayan ubana ne. Na durƙusa na ce, "Allah shi saka da alheri, Baba."