Shirun da Na Yi wa Baba a Asibiti

Bana shekara tara ke nan da muka kai Baba makwancinsa a ƙauyenmu da ke gefen Bagwai, amma har yau in na tuna ranar da na raka shi asibiti sai raina ya ɓaci.

Ciwon ƙugu ne ya cinye shi a tsaye. Mu 'yan gida mun san yadda abin ke tafiya sarai. Da fari ya saki gonar nesa, sai ya jingine kekensa, daga baya har sallar farilla a zaune yake yi, goshinsa ba ya kai ƙasa. Amma da malamin asibiti ya tambaye shi yaya jiki, sai Baba ya gyara zaman hula ya ce alhamdu lillahi, da sauƙi. Ina tsaye a bayansa. Wane ni in ƙaryata mahaifina a gaban baƙo? Na ja bakina na tsuke, aka ba mu 'yan ƙwayoyi muka dawo. Bai ga damina ta gaba ba.

Yanzu wai an ci gaba. Akwai takarda, ana bin majiyyaci da tambaya dalla-dalla, ko yana iya ruku'u, ko yana sa wando da kansa, taku nawa yake yi kafin ya nemi wurin zama. Da Baba na nan, na san dariya zai yi, ya ce yanzu kuma har tsugunon mutum sai an rubuta.

Watan jiya na kai Inna, mahaifiyata, asibitin, gwiwa ta hana ta sakat. Ita ma ta fara da godiyar Allah. Wannan karon ban yi shiru ba. Na ce ta daina daka, ba ta iya jan guga, tun azumi da rarrafe take shiga bayan gida. Yarinyar asibitin da ke rubutu ta cike takardarta tsaf, sannan ta ce maganin da ya dace babu shi a nan sai birni, can ɗin ma sai an yi ta jira.

Sai da muka sauka daga babur a ƙofar gida Inna ta dube ni ta ce:

"Ka tona mini asiri a gaban 'yar cikina. To, me aka ba ka?"

Duk shekarun nan ina ganin shiruna ne ya kashe Baba. Yanzu na gane ko na buɗe baki, haka za mu dawo hannu rabbana. Allah ya jiƙansa, shi dai ya tafi da mutuncinsa, kuma da shi ake tuna shi a ƙauye har gobe. Inna kuwa ciwonta na nan inda yake, ga shi na raba ta da nata.