Ranar da Tafkinmu Ya Sha Jini

Bazarar bana zafi ya tsananta a Landan, har ciyawar filin da ke bayan gidanmu a unguwar Barking ta bushe ta kama da wuta. Ina buɗe taga ƙaurin ya buge ni, sai ga ni a ƙauyenmu ina yarinya.

Akwai tafki yamma da garinmu. Kakana yakan ce a zamaninsa sai da kwalekwale ake haye shi, kifi kuwa da kwando mata ke kamawa. Ni da na taso damina ta fara yi mana rowa. Ruwa ya sauka a makare, ya ɗauke alhali gero yana tsaka da fitar da kai. Tafkin ya yi ta janyewa, mutanenmu na bin sa da shukar albasa, har suka cinye burtalin da shanu ke bi su sha ruwa.

Ardon Fulanin da ke sauka kusa da mu aminin kakana ne tun ƙuruciya. Matarsa ke kawo mana nono, Inna ta auna mata gero.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ni da Inna muna wanki a bakin ruwa. Shanun Ardo suka taho, ƙishi ya haukata su, suka ratsa ta cikin albasar kawuna. Kawu ya ɗaga fartanya ya sari wata saniya a gwiwa, ta kife tana kuka. Ɗan Ardo ya zare adda. Da idona na ga hannun Kawu yana reto, fata ce kawai ta riƙe shi, jini na tsiri a kan ganyen albasa. Inna ta danna fuskata cikin zaninta, amma kunnuwana a buɗe suke.

Kafin azahar samarin gari sun cinna wa rugar wuta. Bukkoki suka cinye ƙurmus. Maruƙan da ke ɗaure suka yi ta kuka har suka yi shiru. Ɗan Ardo kuwa da sanduna aka gama da shi a gindin wata tsamiya.

Kakana ya fita ko takalmi babu, ya iske amininsa zaune cikin toka. Ardo ya ɗago ya ce, "Malam, ruwa fa muka zo sha." Kaka ya nufi gindin tsamiyar. Shi ya wanke gawar da hannunsa, ya yi mata salla. Washegari su Ardo suka kora shanun da suka rage suka nufi kudu. Kaka bai ƙara kai nono bakinsa ba har ya koma ga Allah.

Yau tafkin babu shi, bulo ake bugawa a wurin. Ruwan da muka yi ta roƙo kuma yanzu a haukace yake zuwa. Bara ya rushe ɗakunan gidanmu na ƙasa, ya kwashe gonaki, samari duk sun watse birni neman abin yi.

Kwanan baya 'yata ta dawo daga makaranta, an koya musu sauyin yanayi da hotunan ƙanƙara tana narkewa. Ta tambaye ni da Turanci wai da gaske ne. Na ce in mun je gida zan kai ta ta gaida Kawu. In ya miƙo mata hannun hagu kada ta yi mamaki, ta zauna ta tambaye shi.